Yadda Mordecai Ya Tada Jirgin Kafanchan

Duk wanda ya taɓa kai takarda kwafi a Samaru ya san Mordecai. Shagonsa na nan a layin da ke kallon jami'a, tsakanin mai shayi da mai gyaran takalmi. Shekara da shekaru yana kwafin takardun malamai da na ɗalibai, har ya yanke wa kansa hukunci cewa duk ilmin da ya ratsa ta cikin injinsa ya bar masa rabonsa. In ka ce kanka na ciwo, likita ne. In motarka ta ƙi tashi, bakanike ne. Ko akuyarka ce ta ƙi cin dusa, Mordecai zai gaya maka abin da ke ranta.

Winifred, matar yayansa marigayi Martin, ta fi kowa sanin halinsa. Sai dai baƙin ciki yakan sa mutum ya manta abin da ya sani.

Martin ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Garin Zariya. A zamanin samartakarsa shi da wasu ɗalibai sun yi kiɗan rok, irin kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna mai ƙarar tsiya. Waƙa ɗaya tal ya taɓa ɗauka a kaset, ya sa mata suna Jirgin Kafanchan. Bayan ya yi aure ya rataye jitar, ba wanda ya ƙara jin waƙar sai bangon ɗakinsu. Yanzu rasuwarsa ta kusa cika shekara, za a yi taron tunawa da shi a ƙofar gida, tsofaffin abokan aikinsa duk za su zo. Abu ɗaya Winifred take so a ranar: a ji waƙar mijinta a bainar jama'a, ko da sau ɗaya ne.

Shi ya sa ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali, ta hau bas zuwa Samaru.

"Mordecai, cikin yaran jami'ar nan ba wanda zai iya juya mini wannan ya koma cikin waya?"

"Yaran jami'a? Matar Yaya, kin zo bakin rijiya kina tambayar ina ake sayar da ruwan leda. Kawo nan."

"Ni dai ka nuna mini mai iyawa."

"Tun ba a haifi masu wayar ba nake wannan aiki. Bari mu fara ji tukuna."

Ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin teburi, ya hure ƙura, ya jefa kaset, ya danna. Jita ta tashi. Muryar Martin ta fito, ta saurayi, siririya. Winifred ta dafe ƙirji. Ba a je ko'ina ba muryar ta fara kauri, ta ja, ta koma kamar kukan bajimin da aka ɗaure a rana. Sai ƙurrr, shiru.

"Ƙaramin abu ne," in ji Mordecai.

Zaren kaset ɗin ne ya naɗe a cikin rediyon. Ya sa biro, zaren ya ƙi fitowa. Ya sa cokalin mai shayi, zaren ya ƙara shigewa. Ya ɗauko almakashi. Kafin Winifred ta ce kai, waƙar Martin tana kan teburi a tsittsinke kamar taliyar da yara suka yi wasa da ita.

Winifred ta nemi benci ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa zaren ido. Mordecai ya ji kunya, gaskiya ya ji, har ya sunkuyar da kai. Amma kunyar Mordecai kamar ruwan bazara ce, kafin ka ɗauko bokiti ta ɗauke.

"Matar Yaya, kin san Allah ba ya yin abu a banza. Kaset mene ne? Ni zan buga waƙar nan da hannuna, a gaban kowa."

"Ka iya jita ne?"

"Wa kike tsammani ya koya wa Yaya?"

"Lokacin da ya yi waƙar nan kana yawo ba wando."

"Ba wando, amma da kunne."

Ta so ta ƙi. Amma waƙar yanzu ba ta ko'ina sai cikin kanta, ita kuwa ba ta iya jita ba, ga ranar taro ta matso. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce ya zo gida ya ɗauki jitar.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a Sabon Gari da tawagarsa. Tawagar mutum ɗaya ce, Amaechi, mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ke buga ganga a cocinsu. Sun taho da wata ƙatuwar lasifika a bayan a-daidaita-sahu, suka girke ta a tsakar gida.

Mordecai ya karɓi jitar, ya rungume ta, ya fara murɗa kunnuwanta da ƙarfi kamar mai ɗaure buhun masara.

"Oga, a hankali," in ji Amaechi.

"Ka kula da gangarka. Jita sai ta ji jiki take faɗin gaskiya."

Tas! Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta zane shi a kumatu. Ya murɗa ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

"Sun tsufa," ya ce yana shafa kumatu. "Amaechi, ba ka da wayar burki a shago?"

Aka kawo wayar burkin babur, aka warware, aka ɗaura. Aka tada janareta. Mordecai ya ƙure duk wani abin murɗawa da ke jikin lasifikar, ya buɗe ƙafafu, ya kai wa jitar mari. Kajin gidan suka haura katanga. Wani kwanon sha ya gangaro daga kan randa da kansa.

Ba a jima ba aka yi sallama. Iya Adenike ce, maƙwabciyar Winifred mai sayar da kayan miya, ɗauke da roba cike da tumatir da tattasai. A bayanta wasu mata ne, kowacce da robarta.

"Maman Peculiar, ashe kin sayi injin markaɗe ba ki gaya mana ba? Haba, muna ta wahalar zuwa bakin kasuwa!"

"Ba inji ba ne, Iya. Ƙanin mijina ne."

Iya ta leƙa, ta ƙare wa Mordecai kallo daga sama har ƙasa.

"To, shi yana markaɗe?"

"Kiɗa nake yi, baiwar Allah! Rok!"

"Sannu. Amma injin naka yana son mai."

Matan ba su tafi ba. Suka sauke robobinsu suka nemi wuri a gindin mangwaro, tunda kallo kyauta ne. Winifred ta ga in ba ta sa baki ba, abin da za a buga ranar taro ba zai yi kama da waƙar mijinta ko ta wutsiya ba. Ta ce a kashe janareta, ta zauna a kan turmi, ta rera musu tun daga farko.

Ta fara da kiɗan jitar na farkon waƙar, tana kwaikwayonsa da leɓe. Ɗan gajeren salo ne da ke ta juyawa yana dawowa, kamar ƙafar jirgi a kan dogo. Sai baitoci. Sannan amshi:

Jirgi ya tashi ban gama sallama ba,
Ki ajiye mini tuwo, ina nan tafe.

Iya Adenike ta goge ido da bakin zani.

"Wannan wurin tuwon ya shiga jiki," ta ce. "Amma sauran fa? Zariya, Kaduna, Zonkwa, kaza, kaza. Waƙa ce ko ɗan kamasho ne a tasha?"

"Na gaya masa da bakina," in ji Winifred. "Na ce Martin, farkon nan ya yi daɗi, amshin nan ko kurma ya ji sai ya riƙe. Amma baitocin sunayen tasha ne kawai ka jera. Ya ce wai mai tafiya ai tasha yake gani."

"Gangar ma tana da kyau," in ji Amaechi. "Ta fara a hankali kamar jirgin kaya, tana ƙara gudu. Matsalata ɗaya, Madam. Ina mutum zai sa ƙugu? Tun daga farko har ƙarshe kai kaɗai ake kaɗawa, kamar ƙadangare."

"Ba ka ji babbar matsalar ba," in ji Winifred. "Bayan amshi komai yakan tsaya cik, wai jirgi ya iso tasha. Numfashi ɗaya. Sai jita ta yi kuka kamar usur, ta ci gaba ita kaɗai ba murya. To, wannan kukan ne ba ya ƙarewa. In ya fara nakan ɗora ruwan tuwo, in tuƙa, in kwashe, Martin bai iso Kafanchan ba."

Matan suka kwashe da dariya. Winifred ma ta yi, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Mordecai ya miƙe, ransa a ɓace.

"Ku dai ku tsaya a kan tumatir. Abin da kuke kira matsala shi ne ran waƙar. Shirun nan, shi ne komai! Yaya ya yi na numfashi ɗaya don yana da kunya. Ni zan yi shirun da za a ji shi har Shika. In zukata suka tsaya, sai in hau kan lasifika, in saki usur, in diro."

"Ka diro ina?" in ji Iya.

"Ƙasa mana."

"To, ai ko ba ka yi niyya ba can za ka."

Don ya nuna musu, ya ce Winifred ta ba shi turmin. Ya hau, ya ɗaga jitar sama. Turmi ba a yi shi don tsayuwa ba. Ya mirgina, Mordecai ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon wanki, jitar a sama, ƙafafu a sama, kumfa har kunne.

"Kun gani?" ya ce daga cikin bahon. "Jitar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wannan shi ne ƙwarewa."

A kwanakin da suka rage, ba abin da bai yi ba. Ya buga takardun talla da injinsa ya manna daga ƙofar jami'a har kasuwar Sabon Gari, da hotonsa babba, na marigayi ɗan ƙarami a kusurwa. Ya sa wa kansa suna Mordecai Mai Tsawa. Ya je gwanjo ya sayo rigar fata baƙa, a tsakiyar watan da ko ƙadangare inuwa yake nema. Ya ari gashin kanti wurin wata mai kitso. Abin mamaki, da yawan maimaitawa hannunsa ya kama salon farkon nan, har Winifred takan tsaya da wanke-wanke in ta ji.

Ana gobe taro ta ce masa, "Ka je ka gaya wa Rabaran yadda waƙar take? Shi ne zai ja ragamar taron."

"Rabaran ya taɓa gaya mini wa'azinsa kafin Lahadi? Kowa ya riƙe sirrin sana'arsa."

Ranar taro aka kafa rumfuna a ƙofar gida. Rana kamar ta sauko ta gaisa. Tsofaffin ma'aikatan jirgi suka zauna a gaba da sandunansu. Matan zumunta na coci suka cika gefe guda cikin ankonsu, tulunan kiɗansu a gabansu. Ɗaliban da suka ga talla suka tsaya a baya da wayoyi a hannu. Aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi, aka faɗi halin Martin. Ƙanshin dafa-duka yana ta fitowa daga cikin gida, Rabaran kuwa dattijo ne mai tausayin cikin jama'a, sai duban agogo yake yi.

"Yanzu ɗan'uwanmu Mordecai zai ba mu waƙa ɗaya, sai mu yi addu'a a ci abinci."

Mordecai ya fito cikin rigar fata da baƙin tabarau, gashin kanti har kafaɗa, zufa na bin haɓarsa. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko 'yar wace ce wannan.

Amaechi ya buga sanda, jita ta tashi. Kuma ta tashi daidai. Salon ya juya ya dawo, ya juya ya dawo, ganga na bin sa a hankali. Tsofaffin nan suka fara gyaɗa kai, ɗaya yana buga sandarsa a ƙasa. Winifred ta gyara zama. Ta ce a ranta, Allah, ko dai na zalunci yaron nan?

Sai aka shiga baitoci.

"Zariya! Zonkwa!"

"Ka tsallake Kaduna!" wani tsohon direban jirgi ya yi ihu.

"Kaduna! Funtuwa!"

"Kai! Funtuwa arewa take! Wannan jirgin ya ɓata!"

"A sauke mu!" in ji na kusa da shi.

Mordecai ya ga tashoshi sun rikice masa, ya yi tsalle ya faɗa amshi. Nan waƙar ta ceci kanta. Kafin ya maimaita sau biyu, leɓunan mutane sun fara motsi. Har ɗaliban baya sun daina dariya.

Daga nan ya ɗaga hannu. Ganga ta tsaya, jita ta tsaya. Mordecai ya juya wa jama'a baya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya rufe ido.

Numfashi ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Winifred ta fara murza bakin zaninta.

To, a wurin mutanen coci, in kiɗa ya tsaya, mutum ya durƙusa ya ɗaga hannu, magana ɗaya ce. Rabaran ya ji daɗin tawali'un yaron. Ya miƙe a hankali, bai ma nemi makirufo ba, ya ce da 'yar muryarsa, "Mu yi addu'a."

Kowa ya sunkuya. Maza suka cire huluna. Amaechi ma ya ajiye sandunansa ya rufe ido. Winifred ta buɗe baki za ta yi magana, amma wa ya isa ya katse addu'a a taron mijinta? Ta sunkuya, ido ɗaya a buɗe.

Da wannan idon ta ga Mordecai ya miƙe. Gashin kanti ya toshe masa kunnuwa, bai ji komai ba sai shiru, shirun kuwa ya yi masa daɗi. Tun da yake bai taɓa riƙe zukatan jama'a haka ba. Ya lallaɓa ya hau kan lasifika, har yanzu bayansa na ga mutane. Ya ɗaga hannu.

"Ya Uba," in ji Rabaran, "ka sauko mana da salamarka, wadda ta fi gaban..."

Wayar burki ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji ba a Sabon Gari tun da aka daina jirgin gawayi.

Rabaran ya yi sama, Littafi ya yi gabas, tabaransa ya yi yamma. Tsohon direban nan ya tafi da baya da kujerarsa yana kiran a ja burki. Jarirai suka ɗauka gaba ɗaya. Wata mata da ta fito da tiren nama ta watsa shi sama, karnukan unguwa suka ce Allah ya karɓi addu'a. Iya Adenike ta sami kanta a ƙarƙashin teburi tana kiran Yesu da Yarbanci.

Mordecai ya ji ihu ya ɗauka yabo ne. Ya juyo ya diro, kamar yadda ya yi alkawari. Wayar jitar ta naɗe ƙafar rumfa. Ƙafar ta biyo shi, rumfar ta biyo ƙafar, wayar janareta ta biyo rumfar. Wuta ta ɗauke. Ba abin da ake gani na Mai Tsawa sai takalmi ɗaya da gashin kanti a rataye a jikin ƙarfe yana lilo.

Winifred ta zauna ta rufe fuska da tafin hannu. Shi ke nan. Abin da za a riƙa tunawa da Martin ke nan a garin nan, ranar da aka kusa kashe Rabaran.

Amma matan zumunta suna da wata ɗabi'a. Duk lokacin da taro ya rikice, ko amarya ta makara, ko dattawa suka fara musu, ko wuta ta ɗauke ana tsakar sujada, ba sa jiran umarnin kowa. Waƙa suke tayarwa su rufe ɓarakar. Shugabarsu ta jawo tulunta, ta buga masa faifan soso a baki, dum, dum. Ta laluba waƙa a kanta, ba ta sami komai ba sai wadda ta shiga kunnenta yanzun nan.

"Jirgi ya tashi ban gama sallama ba!"

Matan suka amsa gaba ɗaya, "Ki ajiye mini tuwo, ina nan tafe!"

Tuluna suka ɗauka, kacau-kacau ta shiga. Amaechi ya lalubo sandunansa ya bi su, ya sami wurin sa ƙugun da yake nema. Tsohon direban, yana kwance a ƙasa, ya fara jefo musu tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowacce a mazauninta, matan suna amsawa. Ɗalibai suka shigo fili. Rabaran ya sami tabaransa, ya tsaya yana haki, can sai aka ga ƙafarsa tana motsi.

Winifred ta sauke hannunta. Duk layin yana rera waƙar mijinta, har masu leƙe ta kan katanga. Hawaye na zuba, tana dariya, ta rasa wanne za ta tsayar. Iya Adenike ta fito daga ƙarƙashin teburi ta kama hannunta, ta ja ta tsakiyar fili.

Sai da aka gaji aka tuna da Mordecai. Samari suka ɗaga rumfar. Ya fito da rarrafe, rigar fata ta yage a hammata, jitar a rungume a ƙirji, ko ƙwarzane babu. Ya miƙa wa Winifred ita da hannu biyu, ya tsaya yana sauraron yara suna ta maimaita amshin a bakin layi.

"Matar Yaya, kin ga tsari ko? Duk da gangan na yi." Ya ɗan ɓata fuska. "Sai dai matan nan sun cuce ni. Sun tsallake kukan jitar gaba ɗaya."

Winifred ta goge jitar da bakin zaninta, ta rataya a kafaɗa.

"Da yayanka ma ya tsallake shi, da ya ji wannan da kunnensa," ta ce. "Je ka ba Rabaran haƙuri, ka zo ka ci abinci."